Kasuwar Hasashe da Cacar Intanet a Idon Doka: Tambayoyi da Amsoshi

Tun zaɓen Amurka na 2024 sunayen Kalshi da Polymarket, dandamali biyu na kasuwar hasashe, suka shiga bakin masu bibiyar labarai, a daidai lokacin da cacar ƙwallo ta baro shago ta koma cikin wayar hannu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi kan matsayin waɗannan harkoki a gaban doka. Bayani ne na gaba ɗaya, wanda ke da shari'a a gabansa sai ya nemi lauya.

Mece ce kasuwar hasashe, kuma me ya raba ta da shagon caca?

Kasuwar hasashe dandali ne da ake saye da sayar da kwantiragi a kan tambayar da amsarta i ce ko a'a: wane zai ci zaɓe, babban banki zai rage kuɗin ruwa a wata mai zuwa, ko ƙungiya kaza za ta ɗauki kofi. Kowane kwantiragi yana biyan dala 1 idan abin ya faru, idan bai faru ba ya tashi a tutar babu. Farashinsa na yawo tsakanin santi 1 da santi 99. Idan ka ga ana sayar da "i" a kan santi 62, ma'anarsa kasuwa na ganin yiwuwar faruwar abin kashi 62 cikin 100 ce. Wanda ya sayi guda 100 ya biya dala 62. In ta yi masa kyau a ba shi dala 100, ribarsa dala 38 ke nan kafin a cire ladan dandali. Yana kuma iya sayarwa tun kafin ranar, in farashi ya tashi.

A shagon caca kamfani ne abokin karawarka. Shi ke sa ninki, wanda masu harkar ke ce wa od, kuma asararka ita ce ribarsa. A kasuwar hasashe kuwa wani mutum ne irinka ya ɗauki ɗaya ɓangaren, dandali dillali ne kawai mai karɓar la'ada. Wannan tsari ba sabo ba ne ma a duniyar caca, domin Betfair ta fara haɗa ɗan caca da ɗan caca a Birtaniya tun 2000, kuma a can ba a taɓa kiranta da wani suna ba sai caca.

To ba canja wa tuwo suna kawai aka yi ba?

A wajen mai zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo, bambancin bai taka kara ya karya ba: ya sa kuɗi a kan abin da ba shi da iko da shi, ko ya ci ko a cinye shi. Masu kare kasuwar suna da hujjoji biyu da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko, farashin yana tara ra'ayin mutanen da suka sa kuɗinsu, don haka yakan zama ma'auni mai amfani. Da wannan niyya Jami'ar Iowa ta buɗe ƙaramar kasuwar zaɓe a 1988, ta ƙayyade wa kowa dala 500. Ta biyu, ɗan kasuwa na iya kare kansa, kamar mai harkar da ƙarancin ruwan sama zai ja wa asara ya sayi kwantiragin da zai biya shi in ruwan bai sauka ba. Sai dai wanda ya sa kuɗi a kan yawan ƙwallayen da za a zura ranar Asabar ba wata kadara yake karewa ba. A ganinmu a nan hujjar ta yi rauni, kuma a nan ɗin ne akasarin kuɗin Kalshi ke shigowa tun da ta fara kwantiragin wasanni.

Wace hukuma ce ke kula da su a Amurka?

Hukumar CFTC, wadda aka kafa a 1974 don sa ido kan kasuwannin cinikin gaba na hatsi, man fetur, zinariya da makamantansu. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ba ta ikon hana duk kwantiragin da ya shafi ta'addanci, kisan gilla, yaƙi, aikin da doka ta haramta, ko caca, muddin ta ga ya saɓa wa maslahar jama'a. Dandalin da ke da rajista ba ya jiran izini kafin ya fito da sabon kwantiragi: yana miƙa wa hukumar takardar shaida cewa kwantiragin bai saɓa wa doka ba, ita kuma in ta yi shakka ta buɗe bincike na kwana 90.

Kalshi, wadda Tarek Mansour da Luana Lopes Lara suka kafa a 2018, ta samu rajista a Nuwamba 2020. A Satumba 2023 hukumar ta hana ta buɗe kasuwa kan jam'iyyar da za ta rinjayi majalisar dokoki. Kamfanin ya garzaya kotu, kuma a Satumba 2024 mai shari'a Jia Cobb ta ba shi gaskiya. Rigimar duka a kan kalma ɗaya ta tsaya. Kalmar Turancin da dokar ta yi amfani da ita wajen ambaton caca na iya nufin wasa, tana kuma iya nufin caca, majalisa ba ta fassara ta ba, alƙaliyar kuwa ta ce zaɓe ba wasa ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da hukuncin a farkon Oktoba, aka buɗe ciniki wata guda kafin zaɓe, sannan a Mayu 2025 hukumar ta janye ƙararta.

Kafin wannan, wanda bai nemi rajista ba ya ɗanɗana kuɗarsa: Intrade da ke Ireland ta rufe a Maris 2013, watanni kaɗan bayan CFTC ta maka ta a kotu.

In tarayya ta yarda, me ya sa jihohin Amurka ke kai ruwa rana da su?

Saboda cacar wasanni hurumin jihohi ce. Dokar tarayya ta 1992 ta hana ta a kusan ko'ina, sai Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar a Mayu 2018, kowace jiha ta tsara nata. New York na karɓar kashi 51 cikin 100 na ribar kamfanonin cacar waya a matsayin haraji. Yawancin jihohi sun sa shekara 21 a matsayin mafi ƙarancin shekaru. California da Texas ba su halatta cacar wasanni ba, Utah kuwa ko wace irin caca haramun ce a cikinta.

A Janairu 2025 Kalshi ta fara kwantiragin wasanni a faɗin ƙasar, tana karɓar ɗan shekara 18, ba lasisin jiha, ba harajin caca na jiha. Nevada da New Jersey suka aika mata takardar dakatarwa a Maris. Ita kuma ta ce rajistarta ta tarayya ce, dokar jiha ba ta hau kanta ba. Kotunan tarayya sun rabu: ta New Jersey ta ba ta kariyar wucin gadi, ta Maryland ta hana ta a Agusta, ta Nevada ta fara ba ta sannan ta janye a Nuwamba. Massachusetts ma ta shigar da tata ƙarar. Da sauran rina a kaba.

Polymarket fa?

Shayne Coplan ne ya kafa ta a 2020, kuma da kuɗin kirifto na USDC ake ciniki a kanta. A Janairu 2022 CFTC ta ci ta tarar dala miliyan 1.4 saboda gudanar da kasuwa ba rajista, aka kuma umarce ta da ta rufe ƙofa ga mazauna Amurka. Duk da haka cinikin da aka yi a kanta kan zaɓen shugaban ƙasa na 2024 ya haura dala biliyan 3. Faransa ta sa an toshe ta a ƙarshen 2024, Singapore ta bi sahu a Janairu 2025, dukansu a matsayin cacar da ba ta da lasisi. A Yuli 2025 ta sayi wani dandali mai rajistar CFTC, QCEX, a kan dala miliyan 112 don ta samu hanyar komawa Amurka. Abu ɗaya ne, amma a wannan ƙasa sunansa kasuwar hada-hadar kuɗi, a waccan kuma gidan caca.

Wa ke yanke hukuncin wanda ya ci?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, ita ce kuma ake yi a ƙarshe. A dandali mai rajista, kowane kwantiragi yana da rubutaccen sharaɗi: wace majiya za a dogara da ita, wace rana da wane lokaci za a rufe, me zai faru in an ɗage abin. Taken tambayar ado ne, sharaɗin da ke ƙasa shi ne alƙali.

A Polymarket wani tsari mai suna UMA ke raba gardama. Wani zai gabatar da sakamako ya ajiye jingina, galibi dala 750. A ba da awa 2 ko akwai mai ja. In an ja kuma gardama ta ƙi ƙarewa, masu riƙe da kuɗin kirifto na UMA su kaɗa ƙuri'a, nauyin ƙuri'ar kowa gwargwadon yawan abin da ya mallaka. Matsalar a fili take: mai kuɗi da yawa na iya zama yana da hannu a kasuwar da yake yi wa alƙalanci. A tsakiyar 2025 an yi cece-kuce kan tambayar ko Shugaba Zelensky na Ukraine zai sa kwat kafin Yuli. Ya halarci taron NATO da baƙar riga mai kama da kwat, jaridu da dama suka kira ta kwat, amma hukunci ya fito da "a'a". Miliyoyin daloli suka sauya hannu a kan ma'anar riga, kuma babu kotun da wanda aka cinye zai kai kuka cikin sauƙi.

A Najeriya wa ke da ikon ba da lasisi?

Jihohi. Daga 2005 Dokar Caca ta Ƙasa da hukumar NLRC ke ba da lasisin ƙasa baki ɗaya, Legas kuma na ba da nata, kamfanoni na biya sau biyu. Legas ta kai ƙara tun 2008, wasu jihohi suka mara mata baya. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya, don haka dokar 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Lasisin tarayya shi kaɗai ba ya wadatar da kamfani a cikin wata jiha.

Akwai sauran dokokin tarayya da har yanzu ke hawa kan kamfanonin: Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022, wadda ta ambaci gidajen caca har da na intanet, da Dokar Kare Bayanai ta 2023, da dokokin haraji da na talla. Dandalin hasashe da ke aiki da kirifto kuma yana iya faɗawa hannun hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, tunda Dokar Zuba Jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashinta.

Kamfanin na da lasisin Legas, ni kuma ina Kano. Lasisin ya kare ni?

A'a. Hukuncin Kotun Ƙoli kaifi biyu gare shi: kamar yadda ya ba Legas ikon halattawa, haka ya ba Kano ikon haramtawa. Jihohi 12 na Arewa sun ɗauki dokokin shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999, kuma caca laifi ce a cikinsu, bisa ayoyin Suratul Baƙara 219 da Ma'ida 90 zuwa 91. Hukuncinta na ta'aziri ne, gwargwadon abin da dokar kowace jiha ta tanada. A Oktoba 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kusan 30, kuma bayan hukuncin Nuwamba hujjar masu shago ta cewa suna da takardar Abuja ta faɗi.

Dokar wurin da ƙafarka take ita ke kanka, ba ta wurin da kwamfutar kamfani take ba. Gaskiya ne kama mai caca a waya ya fi kama mai shago wuya, amma wahalar kamawa ba halasci ba ce. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ejan, yaron da ke zaune gaban kwamfuta yana buga wa mutane tikiti a kan kamasho: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan in kamfani ya riƙe maka kuɗi, babu hukumar jiharka da za ka kai wa ƙorafi ba tare da ka fara tona wa kanka asiri ba.

Ghana da Nijar fa?

A Ghana Dokar Caca ta 2006 ce ke aiki, Hukumar Caca ta Ghana ke ba da lasisi. An sa harajin kashi 10 cikin 100 kan abin da aka ci a Agusta 2023, gwamnatin John Mahama ta soke shi a Afrilu 2025. A Nijar kamfanin gwamnati LONANI shi ne jigon harkar.

Yaya ake tantance lasisi?

Ka gangara ƙasan shafin kamfanin ka kwafi abu uku: sunan kamfanin da aka yi wa rajista, wanda sau da yawa ya bambanta da sunan da ke jikin talla, lambar lasisi, da sunan hukumar da ta bayar. Kada ka danna tambarin hukumar da ke shafin, kowa na iya liƙa hoto. Ka buɗe shafin hukumar da kanka, misali LSLGA ta Legas, ka nemi sunan a jerin masu lasisi, ka duba nau'in lasisin da ranar ƙarewarsa. Lasisin cacar wasanni daban, na gidan caca na intanet daban. Ka kuma duba adireshin shafin harafi bayan harafi, domin masu damfara na kwaikwayon manyan kamfanoni da sauya harafi ɗaya. Idan lasisin na tsibirin Curaçao ne kawai, to babu hukumar gida da ke da iko a kansa. Idan aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka biya "kuɗin buɗewa" kafin a saki abin da ka ci, ba kamfani ba ne, ɓarawo ne.

Me ya sa ake riƙe kuɗin wanda ya ci?

Dalilan da suka fi yawa ba su wuce waɗannan ba. Sunan asusun caca bai yi daidai da na banki ko na NIN ba, kamar wanda ya yi rajista da Muhammad banki kuma na da Mohammed, ko ya yi amfani da asusun ƙaninsa. Kamfanoni kan karɓi kuɗin shiga ba tambaya, sai a ranar cirewa su tuna da dokar tantancewa. Mutum ɗaya da asusu biyu, ko asusu da yawa a waya ɗaya, dalili ne na rufewa.

Garaɓasa ita ce babban tarko. In an ba ka kyautar naira 10,000 da sharaɗin juya ta sau 5, sai ka buga cacar naira 50,000 a kan od ɗin da suka ƙayyade, cikin kwanakin da suka ƙayyade, kafin ka iya cire ko sisi. Akwai kuma rufin biya: tikiti na iya nuna miliyan 80 alhali sharuɗɗa sun ce iyakar abin da ake biya bai kai haka ba. Wasan da aka ɗage ko aka watse yakan koma od 1.00, wato a cire shi daga lissafi. Yawancin cacar ƙwallo a kan minti 90 da ƙarin lokacin alƙali take, ban da ƙarin minti 30 da bugun fanareti, abin da ke haddasa rigima a wasannin kofi. Kamfani kuma ya tanadar wa kansa ikon soke tikiti in ya ce an yi kuskure bayyananne wajen sa od. Ƙari a kan haka, Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022 ta wajabta kai rahoton duk hada-hadar da ta wuce naira miliyan 5 ta mutum ɗaya, don haka babban ci kan jawo ƙarin tambayoyi.

Lasisi na nufin wasan ya zama na adalci?

Lasisi na tilasta wa kamfani ya biya bisa sharuɗɗansa, ba ya hana shi cin riba, ribar kuma a cikin od take ɓoye. Ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki. Od na gaskiya 2.00 ne kowanne, kamfani sai ya sa 1.90. Cikin kowace naira 100 da aka zuba, naira 5 tasa ce ko wa ya ci. Yanzu jera irin wannan wasa 10 a tikiti ɗaya. Damar cinsu duka 1 ce cikin 1,024. Da adalci, naira 100 za ta kawo 102,400. Da od 1.90 abin da za a biya kusan 61,300 ne. Rabon kamfani ya tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 40. Shi ya sa dogon tikiti ne ake yi wa talla, shi ake ƙara wa garaɓasa, kuma shi ya sa kullum za ka ji ana cewa wasa ɗaya ne ya yanke tikiti.

Akwai haraji a kan abin da aka ci?

A Najeriya ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024, da suka fara aiki a Janairu 2025, sun sa kashi 5 cikin 100 ga mazaunin ƙasa, kashi 15 ga wanda ba mazauni ba. In abin da aka lissafa a matsayin ci naira 200,000 ne, za a cire 10,000. Kamfani ke cirewa ya miƙa, kai kuma kana da haƙƙin neman shaidar an miƙa.

Wanda ke da labarin ciki ya yi amfani da shi, laifi ne?

A inda doka ta yi ƙarfi, i. A Birtaniya, Craig Williams, wanda a lokacin ɗan majalisa ne kuma na hannun daman Firaministan wancan lokaci Rishi Sunak, ya sa fam 100 cewa za a yi zaɓe a Yuli 2024, kwana kaɗan kafin a sanar da ranar. A Afrilu 2025 Hukumar Caca ta gurfanar da mutum 15 kan wannan batu ƙarƙashin sashe na 42 na Dokar Caca ta 2005, wanda ya haramta maguɗi. A ƙwallo kuwa dokar hukumomin wasa ta fi tsauri: an dakatar da Ivan Toney wata 8 a 2023, Sandro Tonali wata 10 a shekarar. A dandalin kirifto da ba a tantance sunan kowa, gano mai labarin ciki na da wuya ƙwarai, kuma kuɗin da ya kwasa daga aljihun wanda ya ɗauki ɗaya ɓangaren ya fito.

In an toshe dandali, ba sai a bi ta VPN, manhajar da ke ɓoye wurin da mutum yake, ba?

Shiga za ta yiwu, fita ce matsala. Sharuɗɗan dandamalin sun haramta ɓoye wurin zama, kuma karya wannan sharaɗi hujja ce ta rufe asusu da kuɗin ciki.

Kamfani mai lasisi ya ƙi biya. Ina za a fara?

Ka fara da tara shaida tun kafin ka yi magana: lambar tikiti, hoton allon da ke nuna od da lokaci, rasitin banki, da hoton sharuɗɗan kamar yadda suke a ranar, domin ana sauya su. Ka rubuta wa kamfanin ta imel, ba ta waya ba, ka nemi lambar ƙorafi da sashen sharuɗɗan da suka dogara da shi. In sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar ba, ka kai wa hukumar jihar da ta ba su lasisi, haɗe da duk wasiƙun. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na karɓar ƙorafi, in kuma damfara ce ƙarara, EFCC ko ƴan sanda. Kada ka ci gaba da buga caca da kuɗin da ake rigima a kai, domin kamfani zai ce ka amince da lissafinsa.

Doka ta tanadi wani abu ga wanda ke son dainawa?

A Birtaniya akwai GamStop tun 2018: rajista ɗaya ta toshe mutum daga duk kamfanonin intanet masu lasisi na wata 6, shekara 1 ko shekara 5, kuma tun Afrilu 2020 aka hana caca da katin bashi. Indiya ta ɗauki hanya mafi tsauri a Agusta 2025, ta haramta wasannin kuɗi na intanet gaba ɗaya. A Najeriya yawanci sai an bi kamfani ɗaya bayan ɗaya: ka rubuta ka nemi a rufe asusun na dindindin a matsayin ware kai, ba dakatarwa ba, ka nemi a cire lambarka daga saƙonnin talla, ka adana amsarsu. Ka cire abin da ya rage a asusun kafin ka aika wasiƙar, sannan ka goge katin bankin da aka ajiye a manhajar.